Maki goma da suka koma takwas

A sashenmu na cututtukan ciki da hanta, in aka kwantar da mai kansar hanta, lissafin makomarsa a kan ƙaramin likita yake faɗawa. Babban likita zai zo zagayen safe, ya tsaya a ƙarshen gado, ya jero tambaya uku: hantar me ya rage mata na aiki, ƙarin kansar ina ya kai, shi mutumin kuma me yake iya yi wa kansa. In kika yi inda-inda a ɗaya, ranar sai kin sha kunya gaban ɗalibai. Wannan karon fayil ɗin da aka miƙo min na wani malamin firamare ne mai shekara 47, wanda aka turo daga sashen masu karɓar maganin HIV.

Fayil ne mai kauri, an ɗinke shi da zare har sau biyu. Duk wanda ya buɗe shi zai yaba wa Malam. Bai taɓa tsallake ranar karɓar magani ba, ƙwayar HIV ta kwanta har na'ura ba ta ganinta a jininsa, CD4 ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin garkuwar jiki, ya haura 400. Abin da ya kawo shi ciwo ne a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da rama, da ciki da ya fara tashi. Idanunsa rawaya, amma ya ce wannan tsohon zance ne, tun da aka canza masa magani suke haka. Ya kuma sha jiƙe-jiƙen shawara iri-iri, kamar yadda kusan kowa yake yi kafin ya iso gare mu.

Can cikin shafukan farko, a wata takarda da ta fara cinyewa, na ga sakamakon gwajin ciwon hanta nau'in B. Yana da shi, kuma an sani tun farkon fara maganinsa. A wancan zamanin haɗin da ake bayarwa shi ne zidovudine da lamivudine da nevirapine. Cikin ukun nan lamivudine kaɗai ke taɓa ƙwayar B, ita kuwa in aka bar ta da lamivudine shi kaɗai, cikin 'yan shekaru take gane kansa ta ci gaba da harkarta. Sai daga baya, da haɗin farko ya gaza, aka mayar da shi kan tenofovir da lamivudine da atazanavir. Tenofovir ya danne ta, amma ɓarnar shekarun baya ta riga ta zauna. Na bi fayil ɗin shafi-shafi ina neman hoton ciki ko guda ɗaya. Babu. Ƙa'ida ita ce mai irin wannan haɗari a yi masa sikanin duk wata 6. Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HIV, ciwon hanta nau'in B kuwa ya kai kashi 8.1 a tsakanin manya. Ke nan haɗuwar cututtukan biyu a jiki ɗaya ba abin mamaki ba ne a layin karɓar magani. Ga kuma gubar aflatoksin da funfuna ke bari a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, wadda in ta tarar da ƙwayar B a hanta sai haɗarin ya ninka.

Kafin a yi hasashen komai sai an tabbatar kansar ce. Ga mai HIV wannan ba ƙaramin mataki ba ne, domin ƙullutu a hantarsa yana iya zama tarin fuka, ko ƙurji mai ruwa, ko kansar limfoma, kuma duk waɗannan suna da magani da makoma daban. Sikanin ya nuna hanta mai kaushi, ta motse, da babban ƙari a ɓangaren dama. Gwajin AFP, sinadarin da irin wannan kansar ke zubawa a jini, ya fito da dubbai, alhali in ya wuce 400 ma mun fara girgiza kai. Hoton CT ya ɗauki lokaci kafin a haɗa kuɗinsa. Da ya fito, na tsaya bayan likitan hoto yana nuna min da bakin biro: da aka tura ruwan allura ta jijiya, ƙarin ya yi haske fau kafin sauran hantar, jim kaɗan kuma ya dushe ya fi ta duhu. A hantar da ta riga ta motse, wannan shigar da fitar ta isa shaida, ba sai an tsaga an ɗebo tsoka ba. Faɗinsa santimita 9, da 'yan ƙanana a gefe, ya kuma kutsa cikin reshen babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji.

Daga nan na zauna da takarda da biro. Ma'aunin farko shi ne Child-Pugh, tsoho ne tukuf: Child da Turcotte suka fito da shi a 1964, Pugh ya gyara shi a 1973, kuma asalinsa don masu tiyata aka yi, ba don kansa ba. Abu biyar yake dubawa, kowanne maki 1 zuwa 3. Bilirubin, wato abin da ke rina ido rawaya, nasa 62, duk abin da ya wuce 50 kuwa maki 3 ne. Albumin, furotin ɗin da hanta ke ƙerawa, 30, maki 2. Daskarewar jini, INR, 1.8, maki 2. Ruwa a ciki ɗan kaɗan, maki 2. Ruɗewar hankali babu. Na sa ya miƙa hannuwa ya ɗaga tafuka kamar mai tsayar da mota, ban ga karkarwa ba, ya kuma lissafa min kwanakin mako daga baya zuwa gaba yana murmushi, ya ce shi ke yi wa yara irin wannan jarrabawa. Maki 1. Jimla 10. Aji A daga 5 zuwa 6 ne, B daga 7 zuwa 9, C daga 10 zuwa 15. Malam ya faɗa C da maki ɗaya tak, kuma mai ajin C da ba za a yi wa dashen hanta ba, matakin ƙarshe ake rubuta masa, wanda littafi ya ce wata 3.

Ma'auni na biyu sabo ne, ALBI, na 2015. Ya jefar da ruwan ciki da ruɗewa, tunda su ido ke yanke musu hukunci kuma idon likitoci biyu ba ya zama ɗaya, ya riƙe albumin da bilirubin kawai. Na buga lissafin a waya, ya ba ni -1.37. Iyakar daraja ta uku, mafi muni, ita ce -1.39. Nan ma da ƙyar ya tsallaka cikin mummunan ɓangare.

Ma'aunai biyu sun yarda da juna, amma dukansu a kan bilirubin suka jingina, shi kuwa Malam atazanavir yake sha. Wannan magani yana toshe wani sinadari a hanta mai suna UGT1A1, wanda aikinsa sarrafa bilirubin ya zama mai fita ta hanji. Sai bilirubin ɗin da ba a sarrafa ba ya taru a jini, ido ya yi rawaya, alhali hantar ba ta ƙara lalacewa da komai ba. Wanda ya tsara Child-Pugh bai san da HIV ba ma balle atazanavir. Takardar lab ɗinmu jimla kawai ta kawo, don haka na koma na roƙi a raba min shi gida biyu. Wanda aka sarrafa 11 ne kacal, sauran duk ɗanye. Na kai wa babban likitanmu, ya duba ya ce, "To, Dakta, maganin kika auna ko hantar?" Aka kira likitan sashen HIV da mai harhaɗa magani, aka yanke shawarar cire atazanavir da ritonavir ɗin da ke tare da shi, a sa dolutegravir, a bar tenofovir da lamivudine yadda suke. Dama ritonavir yana rikita yadda jiki ke sarrafa magunguna da yawa, har da na kansa, kuma hanta mai rauni ba ta son haɗin.

Bayan kamar mako biyu muka sake gwaji. Bilirubin ya sauko 24, idanun sun washe har matarsa ta ɗauka warkewa ce ta zo, abin da ya sa na jima ina neman yadda zan yi mata bayani. Child-Pugh ya koma 8, aji B. ALBI ya koma -1.64, daraja ta biyu. Ƙarin kuwa yana nan inda yake, ko santimita bai rage ba.

Ba bilirubin kaɗai ke yaudara ba. Albumin yana faɗuwa ga wanda ba ya samun abinci ko mai tarin fuka, don haka sai da muka tabbatar ƙirjinsa lafiya, muka kuma tambayi me yake ci a yini. Dolutegravir shi ma yana ɗan ɗaga kiriyatinin, sinadarin da ake auna aikin ƙoda da shi, ba tare da ƙoda ta taɓu ba, wanda ke amfani da MELD, wani ma'aunin hanta da ke lissafi da kiriyatinin, sai ya sa wannan a ransa. Abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da na fara wannan aiki shi ne CD4 da yawan ƙwayar HIV, waɗanda majinyacin ya shekara yana bibiya kamar sakamakon jarrabawa, ba sa cikin ko ɗaya daga ma'aunan nan.

Tambaya ta uku, ta ƙarfin jiki, ana ba ta maki daga 0 zuwa 4. In ka tambayi Bahaushe yaya jiki, "da sauƙi" zai ce ko da ba ya iya ɗaga kai, saboda haka ni ta hanyar salla nake bi. "Malam, a tsaye kake salla ko a zaune?" Ya ce farilla a tsaye, nafila a zaune. Alwala da kansa, wanka da kansa. Masallacin ƙofar gida yana zuwa Magariba da Isha, na Juma'a ya gagara. Makaranta kuwa tun zangon da ya wuce bai shiga aji ba. Mai kula da kansa, wanda ya fi rabin yini ba a kwance ba, amma aiki ya fi ƙarfinsa, maki 2 ke nan.

Duk waɗannan ake zubawa cikin tsarin BCLC, wanda likitocin Barcelona a Sifaniya suka fitar a 1999, aka sabunta shi a 2022. Matakai biyar: 0, A, B, C, D. A tsarin na 2022, mai 0 ko A da aka yi wa tiyata ko ƙonawa ko dashe ana sa ran ya haura shekara 5 a raye, mai B shekara 2 da rabi, mai C shekara 2, mai D wata 3. Tunda ƙarin Malam ya shiga jijiya, matakin C na BCLC ne mafi kyawun abin da za a rubuta masa. Dashe ba ya cikin zance, domin sharuɗɗan Milan na 1996 ƙari ɗaya suka yarda da shi da bai wuce santimita 5 ba, ko uku da ba wanda ya wuce 3, kuma ba a taɓa jijiya ba.

Sai dai shekara 2 ɗin nan ta matakin C mudun wata kasuwa ce, in ka auna hatsin Dawanau da shi sai ka yi wa wani ƙarya. An rubuta ta ne don mai hanta ajin A da ke samun sababbin alluran nan irin atezolizumab da bevacizumab, waɗanda kuɗin zagaye ɗaya nasu ya fi ƙarfin albashin malamin firamare nesa ba kusa ba. Alƙaluman da suka fi kama da gadajenmu su ne na binciken da aka buga a 2017 kan majinyata 2,566 daga ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya da Ghana da Kamaru da Sudan. A Masar, rabin majinyatan sun kai wata 10.9 a raye. A sauran ƙasashen, wata 2.5. Kashi 72 cikin ɗari na waɗanda ba 'yan Masar ba a matakin D suka iso asibiti, kashi 3 kacal aka yi wa maganin kansar kanta, kuma tsakiyar shekarunsu 46, daidai sa'o'in Malam. Game da HIV kuwa, David Pinato na Imperial College a Landan da abokan aikinsa sun tattara majinyata 1,588 da ba a yi wa maganin kansar ba, 132 daga ciki masu HIV, suka buga a 2019. Masu HIV rabinsu sun kai wata 2.2, marasa ita wata 4.1, kuma ko bayan an daidaita matakin cuta da ƙarfin hanta, HIV ta ƙara haɗarin mutuwa da kashi 24 cikin ɗari. Su ne kuma suka nuna ALBI yana aiki a kan masu HIV.

A ra'ayina wannan kashi 24 gaskiya ne, amma ba shi ne babban abin ba. Tazarar da ke tsakanin wata 2 da wata 4 ba ta kai ko kusa da tazarar da ke tsakanin ƙarin santimita 2 da aka gano a sikanin da na santimita 9 da aka gano saboda ciwo ba. Mai HIV ma shi ya fi kowa damar a kama tasa da wuri, tunda shi ne mutumin da ke zuwa asibiti da ƙafarsa, lafiyarsa ƙalau, shekara da shekaru. Manomin da bai taɓa ganin likita ba a iya cewa ba a same shi ba. Malam kuwa yana zaune a benci yana jiran a kira lambarsa.

Ranar zama da iyali ita ce mai wuya, ba lissafin ba. Matarsa ta san da HIV ɗin, ita ma tana shan magani. Wansa, wanda shi ke riƙe da kuɗin jinya, bai sani ba, Malam kuma ya roƙe ni kada ya sani. Wannan haƙƙinsa ne. Na yi maganar ciwon hanta nau'in B da kansa, gaskiya ce tsantsa, na tsaya a nan. Wan ya riga ya yi magana da dillali kan gonar gado, yana so a fita da shi Alƙahira ko Indiya. Ya ce, "Likita, ki faɗa min tsakani da Allah. In akwai fata, gona ba komai ba ce."

Na faɗa masa abin da na sani. Ƙwayar maganin kansa ta sorafenib, wadda ake iya samu a nan, a babban gwajin 2008 ta kai rabin masu shanta wata 10.7 a raye, waɗanda ba su sha ba wata 7.9. A gwajin Asiya na 2009, inda yawancin majinyatan masu ƙwayar B ne kamar namu, wata 6.5 ne da 4.2. Kuma kusan duk waɗanda aka gwada a kansu ajin A ne, Malam kuwa B ne mai ruwa a ciki, ga zawo da salewar tafin hannu da na ƙafa da maganin ke kawowa. Manyan gwaje-gwajen magungunan kansa da yawa ma ba sa ɗaukar masu HIV, amma wannan a cikina na bar shi. Na ce masa likitocin Alƙahira ƙwararru ne, sai dai hoton nan da maki ɗin nan za su duba, kuma ba za su yanke ƙarin da ya shiga jijiya a hantar da ta motse ba. Ya yi shiru, ya ce rai dai a hannun Allah yake. Na ce haka ne, Alhaji, ni ma ban zo da ranar kowa ba, abin da aka gani a kan mutane masu irin wannan hoto nake faɗa, cikinsu akwai wanda ya wuce lissafi akwai wanda bai kai ba.

Shi Malam sai da suka fita ya yi tasa tambayar. "Dakta, shekara ko wata?" Na ce wata. Ya ce, "Da yawa ko kaɗan?" Na ce da a kan gwajin farko zan amsa, da na ce kaɗan ƙwarai, amma yanzu ina sa ran zai samu wasu watanni yana kan ƙafarsa, in jini bai ɓalle masa a maƙogwaro ba, in kuma ruwan cikin bai kamu da ƙwayar cuta ba. Waɗannan biyun su ke rushe kowane lissafi a dare ɗaya. Ya gyaɗa kai, ya ce yana da bashin wani mai shago, da adashen malamai da bai kwasa ba, da takardun fansho da ke buƙatar sa hannunsa, yana kuma so a ɗaura auren 'yarsa ta fari yana gani. Amfanin maki biyun da suka ragu ke nan a wurinsa: ya san yana da lokacin da zai bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ba a gadon asibiti ba.

Ba a sayar da gonar ba. Muka sallame shi da spironolactone don ruwan ciki, lactulose don kada hankali ya ruɗe, da ruwan mofin na sha don ciwo, wanda sai da muka yi ta bayani kafin matar ta yarda ba maganin ƙarasa mutum ba ne. Aka hana shi gishiri mai yawa da magungunan ciwon jiki irin diclofenac da jiƙe-jiƙe. Na ja layi biyu a ƙarƙashin abu ɗaya: ko ya daina shan komai, kada ya daina maganin HIV ɗinsa, domin in aka janye tenofovir ƙwayar B tana iya tasowa gaba ɗaya ta ƙarasa ɗan abin da ya rage na hantar. Ya riƙa zuwa ana zuƙe masa ruwa in cikin ya matsa. An ɗaura auren yana zaune a kan darduma cikin mutane. Ya rasu a gida wata 5 da 'yan kwanaki bayan hoton CT ɗin, Allah ya jiƙansa.

Tun kafin sallama na nemi a kawo 'yan'uwansa da suke ciki ɗaya da 'ya'yansa a gwada su, tunda a ƙasarmu ƙwayar B galibi tun yarinta ake ɗaukarta, daga uwa ko tsakanin yaran gida, allurar rigakafinta kuma sai a 2004 ta shiga jerin alluran jarirai a Najeriya. Ƙananan yaran sun fito lafiya. Wan nasa yana da ita. Aka yi masa sikanin, hantar sumul, AFP daidai, aka tura jininsa a ƙirga yawan ƙwayar don a ga ko zai fara tenofovir. Na rubuta masa ranar dawowa bayan wata 6 a bayan katinsa, na kuma sa ya adana ta a wayarsa a gabana.